Makullin Baranda Yana Bakin Zanena

Assalamu alaikum Gwaggo Jummai. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, don in Alhamis ta wuce ba ta da sauran amfani gare ni. Amma bari in gaya miki tun yanzu, ba rarrashi nake nema ba. An rarrashe ni, an yi mini wa'azi, an tsorata ni, duk na ji, kuma har gobe makullin barandata yana ɗaure a bakin zanena.

Ni 'yar Ningi ce, girman Kano, shekarata takwas a Dubai. Sana'ata turaren wuta da humra. A nan nake haɗawa, in aika gida ta kago, wasu matan kuma in sun zo sari su biyo ni har ɗaki su zaɓa. Muna zaune a unguwar Muraƙƙabat da ke yankin Dera, hawa na huɗu a wani tsohon bene da ya girme ni, wanda lif ɗinsa sai mutum ya yi bismillah sau biyu kafin ya shiga. Mu biyu ne a fulat ɗin, ni da Mahfuza, 'yar Gombe, nas ce a wani asibiti. Sunanta ne a takardar haya, amma ɗakin da ke da baranda nawa ne, don a nan nake narka sukari in soya icen turare in shanya. Shekara shida tukunyarmu ɗaya. Lokacin da bizata ta so ta ba ni kunya, ita ta yi ta zirga-zirga da ni har aka gyara. Na faɗi wannan ne don kada ki ce ban san alheri ba.

Wata uku da suka wuce na fito da safe na ga zuma ta sauka a barandar. Akwai wani kejin ƙarfe na tsohon esi mai sanyaya ɗaki da aka cire tun ban zo gidan ba, duk ya yi tsatsa, a jikinsa suka yi dandazo. Ba irin tamu ta gida ba ce mai baƙar zuciya. 'Yan ƙanana ne, da kaɗan suka fi ƙudan gida, kuma ba sa neman kogo, a fili suke rataya saƙarsu guda ɗaya tal. Da farko kamar tafin hannu take, yanzu ta kai faifai. Ina shanyata a gefensu, ina wayata a gefensu, ko ɗaya bai taɓa harbina ba.

Gwaggo, ki fahimce ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai amya ne, kiwon zuma yake yi. Na tashi na ga amyoyinsa a kan ɗorawa da kirya tun daga bayan gidanmu har bakin dutse. Ranar da zuma ta taɓa sauka a zaurenmu, sadakar gero ya yi, ya hana a yi shara a wurin har kwana bakwai. Ya sha gaya mana zuma ba ta sauka a gidan mugu, kuma duk wanda ya kashe ta da hannunsa ya kori arzikinsa. Ki kira shi camfi in kin so. Ni dai tun da suka sauka wayata ba ta huta ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauki hoton saƙar na ɗora a sitatus, na rubuta zumar daji ta Dubai, ba haɗi, tana nan tafe. Mata suka yi ta kama layi. 'Yar kasuwa ce ni, ba zan ga alheri yana rataye a barandata in tsaya ina yi masa tasbihi kawai ba.

To ga inda abin ya karkace. Ranar Juma'ar makon jiya bayan la'asar na ga saman saƙar ya yi nauyi, inda ta naɗe ƙarfen, na san zuma ta nuna. Na ce bari in yanki kaɗan. Na san sai da hayaƙi, amma ina zan samu busasshiyar ciyawa da kashin shanu a Dera? Sai na hura gawayi a kasko uku, na zuba turarena, mai sandal ɗin nan da ko ni ba na sa wa ɗakina sai ranar sallah. Maimakon su lafa sai suka tashi suna kewaya kaina kamar an kira su biki. Na ƙara da yagaggen kwali. Iska ta juya, hayaƙin ya cika ɗaki ya fita har koridon. Ƙararrawar gobara ta ɗauka. Lif ya tsaya. Bene guda, Indiyawa da Filifinawa da Misirawa, kowa ya gangaro ta matakala, wani da tawul, wata da tukunyar shinkafa a hannu, aka tsaya a titi cikin zafin nan da kika sani.

Mahfuza tana barci a lokacin, ta dawo daga aiki. Ta faɗo ɗakina da bokitin ruwa ta watsa a kan kaskon, ruwan ya fantsamu saƙar. Uku suka harbe ta, biyu a wuya ɗaya a fatar ido. Kafin mu kai ƙasa fuskarta ta kumbura ban gane ta ba, numfashinta yana fita da ƙyar yana ƙara kamar fito. Kwana biyu ta yi a asibitin da take aiki. Likita ya ce jininta ba ya ɗaukar dafin zuma, in aka sake harbinta abin zai iya fin haka. Yanzu da wata allura take yawo a jaka.

Ofishin masu benen suka aiko mai gadi da takarda, wai ranar Alhamis da safe masu feshi za su zo su kashe zumar, khalas, shi ke nan. Mahfuza ta sa hannu tun tana gadon asibiti, ko tambayata ba ta yi ba. Ni kuwa na kulle baranda na zare makulli. Ta ce ko in ba da shi ko in nemi ɗaki kafin ƙarshen wata.

Ki duba mini, Gwaggo. Shekara shida me ya taɓa kai Mahfuza barandata? Da ba ta zo da bokitinta ba wa zai taɓa ta? Kyankyasai sun cika benen nan har suna hawa lif tare da mu, ba a taɓa aiko takarda a kansu ba, sai halittar da ke da sura guda a Alƙur'ani, wadda aka hana mu kashewa. Na ce zan liƙe ƙofar da salatif, an ƙi. Mai gadin ya ce akwai masu kiwon zuma da ke zuwa su kwashe su da rai su kai gona, har yana da lambarsu. Na tambaya, ashe da saƙar gaba ɗaya suke tafiya. Wato ni in yi gadi wata uku, in sha kunya a gaban bene guda, wani ya zo da farar riga da raga a fuska ya wuce da ita? Na ce a'a.

Abin da ke ci mini rai ɗaya ne. Tun da ta dawo ba ta ci daga tukunyata ba. Tagarta a rufe, in za ta shiga banɗaki sai ta leƙa sama tukuna. Ina ganinta ina kau da kai. Ba na son rasa ta, ba na son rasa ɗakin, amma wallahi ba da makullina za a fesa musu guba ba. Ki gaya mini yadda zan yi ba tare da na sunkuyar da kai ba.

'Yar Mai Amya, Muraƙƙabat, Dubai.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ƙara wa Mahfuza lafiya.

Inda kike da gaskiya zan fara. Bai kamata a kashe su ba alhali akwai hanyar kwashe su da rai, kuma da Mahfuza ta tuntuɓe ki kafin ta sa hannu da ya fi. Sai dai wadda ta sa hannu tana jan numfashi da ƙyar, ba a riƙe ta da laifin rashin shawara.

Yanzu ki saurare ni. Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran ƙudan da abin da suke haɗawa, kuma a wasiƙarki kin fake a bayan wannan. Wace zuma kike karewa, mai rai ko ta cikin kwalba? An ba ki hanyar da ko ƙuda ɗaya ba zai mutu ba, kika ƙi don za a tafi da saƙa. Daga nan maganar ta tashi daga wasiyyar mahaifinki ta koma kan matan da suka kama layi a wayarki. Saƙar nan a cikinta 'ya'yansu suke, kuma abin da ke samanta shi ne abincinsu. In tausayinsu kike ji, ki bar su su tafi da kayansu.

Sannan 'yar mai amya ta manta abu biyu. Wadda ke narka sukari a baranda ita ta gayyato zuma. Kuma na tabbata kin ga mahaifinki yana turara sabuwar amya da ƙamshi kafin ya rataya ta. Wannan hayaƙin kira ne. Na ɗiba daban yake, kuma a daji ake yinsa, ba a hawa na huɗu a kan mutane ba.

Salatif ba zai hana komai ba. Ƙuda ɗaya ya isa, ta tagar banɗaki ko a cikin zanen da kika kwaso daga shanya. Ke harbi ƙaiƙayi ne a wurinki, ita kuwa ranta ne. Kuma sunanta ne a takarda, duk abin da kika jawo ita za a kira.

Gobe da safe, ba Laraba ba, ki karɓi lambar nan wurin mai gadi ki kira masu kwashewa. Ki taka da ƙafarki zuwa ofishin benen, ki ba da haƙuri kan ƙararrawa, ki gaya musu ranar da za a zo, ki roƙi a dakatar da feshi. A zaɓi lokacin da Mahfuza take wurin aiki. In sun tafi, a kankare sauran kakin, a wanke wurin, a cire kejin, ki riƙa rufe sukarinki. Ki sauke hoton nan ki gaya wa matan gaskiya, turarenki suka sani tun farko kuma shi zai dawo da su. In kuwa masu kwashewa ba su samu zuwa ba, ofis kuma ya ƙi ɗagawa, ki buɗe ƙofar ranar Alhamis. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, na san ba zai ce ki fifita ƙuda a kan ran mutum ba.

Kin ce ba kya son sunkuyar da kai. Sau ɗaya za ki yi, kuma a gaban mutum ɗaya. Ki shiga ɗakin Mahfuza yau, ki ce kin yi kuskure, kada ki biyo shi da amma, kada ki ambaci bokiti. In ba ta sake da ke nan take ba, ki ba ta lokaci, ta tsorata ne.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa sana'arki albarka, ya kai baƙin barandarki gona lafiya.

Gwaggo Jummai