Bututun da Ƙanƙara Ta Fasa

Kafanchan,
6 ga Oktoba, 1975.

Zuwa ga ƙanwata Magdalene,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ke da maigidanki Gilbert. Allah ya ƙara muku lafiya a ƙasar Kanada, ya ba shi nasara a karatunsa, ya kuma sauke ki lafiya. Mu nan kalau muke. Dawa ta yi kyau bana, ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta, ni kuma ina nan ina fama da famfunan reluwe.

Wasiƙarki ta iso. Na gane cewa tsofaffin nan na ikilisiyarku da suka ara muku motarsu mai ɗaki da kicin da bayi kuke zama a ciki sun ce ku koma cikin gidansu kafin sanyi, kuma tsohon yana asibiti, don haka Gilbert ne zai shirya motar kada ƙanƙara ta fasa bututunta. Da na karanta wa Mama, sai ta yi dariya, ta ce ruwa ba ya fasa ƙarfe, wasa ake yi muku. Ni kaina ji kawai nake yi a wurin aiki, ban taɓa gani ba. Don haka na yanki guntun bututun jan ƙarfe, na cika shi da ruwa, na toshe bakinsa biyu, na roƙi Alexander mai kanti ya saka mini a gidan ƙanƙara na firijinsa. Bayan kwana biyu na same shi ya tsage daga gefe, tsawon ɗan yatsa.

Kuskurena shi ne da na nuna wa Mama. Ta juya shi a hannu, sannan ta ce in sanyi yana yi wa ƙarfe haka, ina ga 'yarta mai ciki. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba, sai cewa take in rubuta ki dawo gida. Afiniki matar Fasto ce ta zo ta sake karanta mata wasiƙar da yarenmu, a hankali, har Mama ta gane cewa motar ce za ta zauna a waje, ku kuwa ɗaki aka ba ku mai wuta a ciki. Nan ta share hawaye, ta ce ashe iyaye kika samu a can, to ki riƙe su kamar iyaye. Yanzu bututun yana cikin jakarta, ta kai shi zumuntar mata kowa ya gani, sun yi muku addu'a ku da tsohon.

To, ki gaya wa Gilbert: ya fara kashe tukunyar ruwan zafi ta huce, sannan ya zubar da ruwanta da na babban tanki. Ya buɗe kowane famfo, har da na wanka, ya bar su a buɗe. Kada ya yarda wai ruwa ya ƙare don ya daina ɗiga. Yana ɓuya a lanƙwasar bututu. Ya hura iska da famfon taya har sai iska kaɗai ke fita. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayi kuma ya zuba maganin hana daskarewa, amma ya tambayi wanda ba guba ba, kada ya ɗauki na inji. In ya gama ya rubuto mini da hannunsa yadda ya yi. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa zaton zai yi amfani har Kanada ba.

Mama ta ba ɗan Fasto da zai taho busasshiyar citta ta Kwoi, ta ce ta tsohon ce, ba taku ba. Regina da yara suna gaishe ku, haka Kawu Zamani da Inna Paulina daga Manchok. Ubangiji ya tsare ku.

Ni ne yayanki,
Rufus.