Kwana Ashirin da Ɗaya

Asabar, 5 ga Oktoba

Na faɗo daga tsani. Inna ce ta aike ni shanya kuɓewa a kan soro, ina saukowa da faifai a hannu matakala ta uku ta ɓalle. Ƙafar hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashina. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Baba ya ɗauko Malam Mika'ilu mai ɗori a babur. Ya yi tofi, ya ja ƙafar, ni kuwa na ciji bakin hijabina don kada in yi ihu a gaban maza. Ya jera guntayen kara, ya naɗe, ya ɗaure tam. Ya ce kwana ashirin da ɗaya ba ita ba ƙasa, kuma ba a kwancewa. "In aka kwance kafin lokaci, sabon ƙirge ne."

Na ƙirga. Ashirin da shida ga wata. Jarrabawar kwalifayin ranar ashirin da takwas ce, kuma wanda bai zauna ba babu shi a NECO. Sai baɗi, in ma Baba ya yarda da baɗin. Kwana biyu ne tsakani. Sun isa.

Talata, 8 ga Oktoba

Malam ya dawo dubiya. Ya ce, "'Yata, yatsun suna motsi?" Na ce eh. Babban yana motsi. Sauran ban sani ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Khairiyya ƙawata ta kawo mini littattafanta in kwafa. Tun daga zaure take cewa, "Ina Hajiyar da ake kai wa tuwo har gado?" Ta ce hanyar makarantarmu ta Makoda ta yi mata tsawo da babu wadda za ta tsokana. Na yi dariya kaɗan. Da ta tafi ɗakin ya yi mini girma.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba na son warin da nake ji.

Talata, 15 ga Oktoba

Yau darasin zagayawar jini na kwafa. Ina rubutawa ina kallon yatsuna. Sun kumbura, sun yi sanyi, biyu sun fara duhu. Na danna farce, launin bai dawo ba. A littafin an rubuta abin da hakan ke nufi, da hannuna na kwafa shi.

Na ja zani na rufe. Saura kwana goma sha ɗaya. In na faɗa za a kwance. Inna ta ce me ya sa nake lulluɓa a wannan zafin, na ce ƙuda ne.

Allah Ka yafe mini. Ƙarya ta biyu ke nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na faɗa. Da safe ne, Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na tsira wa ƙaramin yatsan allura har ta shiga, ban ji komai ba, sai kawai na ji bakina yana kiranta. Ta ɗaga zanin, ta yi salati, ta ce, "Tahira, tun yaushe?" Ta fita babu takalmi ta kira Baba daga gonar gyaɗa.

Malam Mika'ilu da kansa ya kwance. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na tambaye ki, 'yata." Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ne. Ya ce wa Baba wannan ya fi ƙarfin kara, a tafi asibiti yanzu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kano. An kwantar da ni. Ba za a yanke ba, amma akwai gyambo a ƙarƙashin inda ɗaurin yake, sai ya warke kafin a sa filasta. Mako uku ko fiye.

Nas ɗin da ke wanke mini ta ce da a makon farko na yi magana, da an sa filastar, a goya ni a babur in je in zauna jarrabawata. Hira kawai take yi, tana murza auduga. Ba ta san me ta faɗa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban buɗe littafi ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Akwai agogo a bangon ɗakin. Ƙarfe tara na san an raba takarda. Khairiyya tana kusa da taga, bencina babu kowa, ko an zaunar da wata.

Baba ya zo bayan azahar da lemo da dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira. Ya zauna a bakin gado yana ɓare mini. Ban taɓa fara yi masa magana ba, kullum shi ke tambaya in amsa. Yau na ce, "Baba, baɗi zan sake ajin." Ba da sigar tambaya ta fito ba, ni ma na ji.

Ya dube ni, ya ci gaba da ɓara. Ya ce, "Ki warke tukuna."

Ban ce masa to ba.