Keken Abdulwahabu mai labule

Zuwa ga Yaya Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali can Fatakwal, Allah shi ƙara lafiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Hasana ta haifi namiji.

Yaya, aikin da anka samo mini a Sakkwato shi ya hana ni sukuni. Abdulwahabu na Tudun Wada ya ba ni kekenshi na haya, mai ƙafa uku, mai labule ta kowane gefe. Ya ce mata zan riƙa ɗauka daga Sabon Gari, in sauke labule, kar in tambayi suna, in jira bakin ƙofar inda sunka shiga. In an yi mini filashin a waya, in ruga in buga ƙofar ɗakin. Ni da na ga hijabi har ƙasa, wallahi na ɗauka matan kulle ne za su gaida dangi. Har "Allah shi ba da ladan zumunci" nake ce musu in sun sauka, su yi ta dariya. Sai wani mai shayi a unguwar Gidan Igwai ya faɗa mini masu zaman kansu ne. Ran nan tuwo bai shiga ba. Na wanke kujera da omo, har yau ƙyamar zama nake.

Na yi niyyar maida makulli, sai shekaranjiya da rana tsaka wata Na'ima ta yi filashin daga masauki. Na buga ƙofa har hannuna ya yi ciwo. Ta fito leɓe a fashe, jini ya ɓata hijabi. Mutumin da ke ɗakin kuwa babba ne, sa'an Baffa, ya gyara hula yana ƙamshin turare, ya tofa yawu kusa da ƙafata ya ce mini kawali. Shi fa! Na shigar da ita keke munka tafi. A hanya Na'ima ba ta yi kuka ba, labule kawai ta ce in ja da kyau.

Yaya, aikin ga ƙazanta ne, na sani, ka nemo mini dako ko wankin mota can wurinku. Amma makullin na aljihuna. Wanda Abdulwahabu zai ba in na aje, an ce kashe waya yake ya tafi kallon ƙwallo. Gobe Na'ima za ta fita, zan kai ta.

Ka gaida Anti Maimuna da su Junaid. Kar Inna ta ji wanga zance.

Ƙanenka,
Anas