Busasshen Gadon Inna

Zuwa ga ƙanena, autanmu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa wa aikin da ya kai ka nesa albarka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi har ya koma shago, babbar 'yata kuma haihuwa yau ko gobe. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halina a waya. In na fara, muryata za ta hau sama, kai kuma ka ce layi ba kyau.

Inna tana asibiti. Tana gane mutane, amma likita ya ce ƙodarta ta taɓu, kuma rashin ruwa a jiki ne ya jawo. Har ya tambaye ni ko ba a ba ta ruwa a gida. Ka san ba wanda ya kai ni yabon mai jinyar da kamfanin nan ya turo mana, wadda yarana ke kira Mai Turare.

Ka tuna dalilin da ya sa ka ce a sallami Doguwa, matar da ta fara kula da Inna bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ka zo hutu, ka ce tun daga ƙofa zarni ya tare ka, ga zannuwan gado jere a igiya kamar gidan mai wanki, mahaifiyarka ta fi ƙarfin wannan ƙazanta. Da Mai Turare ta zo sai ɗaki ya koma tsaf. In ka kira ta bidiyo, ta haska maka zanin gado fari ƙal, ka yi ta sa mata albarka. Wakilin kamfanin ma in ya zo dubawa, iyakarsa ya shafa katifa, ya shaƙi iskar ɗaki, ya tambayi Inna ko lafiya, ta gyaɗa kai, ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda tsohuwar da ba ta iya riƙe fitsari take wuni ta kwana a busasshen gado.

Daga asibiti na wuce gidan Inna kai tsaye. Na tarar da jug ɗin ruwan cike, an ajiye shi ta ɓangaren hannunta da ya mutu. Na titsiye Mai Turare, ko musu ba ta yi ba. Ta ce sai lokacin magani take ba ta kurɓi ɗaya, in leɓenta ya bushe ta jiƙa mata da cokali. Ta ce ta san abin da ya kori wadda ta gada, kuma a kamfaninsu in aka kai ƙarar ma'aikaciya kan wari, aikinta ya ƙare, ita kuwa tana da marayu. Wai abin da ta ga muna so ta yi mana. Wallahi saura ƙiris in kwaɗa mata mari. Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba da ita kaɗai ba.

Na ga saƙonka cewa a nemi kamfanin su canzo wata. Ban yarda ba, don ita ma da hanci za a auna ta. Na je na sami Doguwa. Ba ta yi mini gori ba, ta dai zauna tana sharar hawaye. Ta ce za ta dawo, amma sai in wanda ya kore ta ne ya kira ta da bakinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na jiya. Na kai wa Inna kofin ruwa baki, leɓenta duk a tsattsage, sai ta datse haƙora ta kau da kai. Na lallashe ta, na yi faɗa, na sake lallashi. Da ƙyar harshen nan nata mai nauyi ya fitar da magana. Ta ce in ƙyale ta, ba ta son ta ɓata gado, auta ba ya son wari. Likita ya ce ƙarin ruwa ba zai riƙe ta har abada ba, dole ta koma sha da bakinta. Ni ta daina jin maganata, taka kawai take ji. Don Allah ka kira ta, ba don ka ga ɗaki ba. Ka ce mata ta sha ruwa, ta ɓata gadon, ba ka fushi.

Ka gaida maiɗakinka da 'yan biyu. Maigidana da Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Ina bakin gadonta da waya a hannu.

Taka, yayarka.