Kulolin da Matar Betso Ta Taɓa

Lokuwa, Mubi.

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya kunnen nan? Ya Inna Rabi da yara? Na ga waya tana wahalar da ke, shi ya sa na rubuto na ba direban Zariya.

An ɗauke ni gwaji a wani shagon kayan kicin kusa da babbar kasuwa. Mu biyu ne, ni da wata Hanatu 'yar Michika. Mai shagon, Madam Janet, ta faɗa mana tun farko cewa ɗaya za ta riƙe idan an gama cinikin ƙarshen shekara. Kin san tun da na gama karatun jarida nake kai takardu gidajen rediyo ba amsa, kuma albashin koyarwar maigidana Mansir ba ya riƙe mu.

Na zaci aikin miƙa kaya ne kawai. Ashe sai ka san kular da ke riƙe zafi daga safe har la'asar, da fulas ɗin da ba ya jure girgizar keke. Hanatu tana ciniki da yaren Kamwe, da Fulatanci, har da ɗan Faransanci saboda mutanen Kamaru. Ni Hausa da Turanci kaɗai gare ni. Madam ta ce wadda ta ƙware ita ake turawa sarin kaya Kano, kuma cikin 'yan matan da ta horar har akwai masu shagon kansu yanzu. Dokarta ita ce kada a bar mai saye shiru, a tambaye shi me yake so, kuma na wa. Na ce a raina, ai tambaya ita na karanta.

To akwai wata dattijuwar Bafulatana daga Betso, ana ce mata Dada Mairama. Takan shigo ranar kasuwa ta zagaya, ta ɗaga murfin kula, ta shafa faranti, ta fita ba ta tambayi farashi ba. Hanatu ta sa mata suna sufeto. Ni kuwa na lura ba taɓawa take barkatai ba. Kullum kuloli masu ruwan goro, da farantan tangaran masu ganye, da tukwane na amarya. Makon jiya na tare ta da fara'a, na tambaye ta ko 'yarta ce za ta yi aure, na ce ta faɗi sunan amaryar mu liƙa a jikin kwalin. Umma, matar nan ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita ko sallama babu. Madam ta ce da 'yar jarida take nema, da gidan rediyo ta buɗe, ba shago ba.

Sai da yamma Hanatu ta jiyo cewa amaryar 'yar farin Dada Mairama ce. Kunya ta kama ni, don ni ce ya kamata in fara ganewa. Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ki yi mini afuwa da wannan tambaya: in uwa ba za ta iya cewa na 'yarta ne ba, yaya ake yi kayan su isa ɗaki? Nawa yaya aka yi?

Mansir yana gaishe ki. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Rukayya


Lokuwa, Mubi.

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Mun samu kuka da daddawar da kika aiko, Allah ya ƙara girma.

Amsarki ta iso, in ji direba wai in tambayi Inna Rabi. Na yi dariya, na kira ta. Ta ce kafin bikina kin yi ta zuwa kasuwa kamar mai neman wani abu daban, kina taɓa wannan kina shafa wancan, ita kuma tana biye tana lura. Daga baya ta koma ita kaɗai ta saya. Ta ce ko sau ɗaya ba ki ce na Rukayya ne ba. Ban taɓa sani ba, Umma. Na daɗe ina kallon kwanukana a daren nan kafin in wanke su.

Washegari na tattara duk abin da na ga Dada Mairama tana taɓawa, na ajiye a lungu na rufe da zane. Madam ba ta ji daɗi ba, domin ba ta ajiye wa kowa kaya haka nan, kuma kulolin ruwan goro su ne na ƙarshe. Wata mata ta zo nemansu aka ce babu. Madam ta ce in suka kwana a lungun har Kirsimeti, in ɗauke su mu tafi gida tare.

Ranar kasuwa sai ga Dada ta zo wucewa, ba ta shigo ba. Na gaishe ta, na tambayi shanu da hanya, ban ambaci aure ba. Sannan na juya wajen Hanatu na ce da ƙarfi kayan lungu suna jiran duk wadda aka aiko. Hanatu, Allah ya yi mata albarka, ta maimaita da Fulatanci kamar da ni take magana. Dada ba ta waiwayo ba, amma ta rage sauri.

Shekaranjiya ƙanwarta ta zo da keke. Ta yaye zanen, ta duba, ta ce tukunya ɗaya ce ba ta cikin waɗanda ake so, sauran daidai. Sai dai ba ta jin Hausa sosai, don haka Hanatu ce ta yi cinikin tun daga farko har aka ɗaure kayan. Yanzu ban san a wajen wa Madam ta lissafa shi ba. Na tambayi Hanatu, ta ce ita ma tambayar da ta hana ta barci ke nan, tana da ƙanne a makaranta.

Madam ba ta ce mana komai ba tukuna. Amma Edwin tela, maƙwabcinmu, ya ce ta ba shi ɗinkin riguna biyu masu sunan shago. Bai sani ba ko na mutum ɗaya ne, don ba ta ba shi awo ba.

A gaida Inna Rabi da yara. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Rukayya