Tsutsar Tsamiyar Bayan Gida

Madina, Safar 1404

Yaya Shafa'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da yara? Ni lafiya lau, ɗinki yana tafiya a unguwar Ƙurban, sai dai idona ya fara hazo.

Wani alhaji daga garinmu ya ce tun farin nan tsutsar da ke saƙa mana zaren tsamiya ta daina zuwa. Tun da na ji, da na ɗauki allura sai in ji muryar marigayi Baba a bayana: "Lurwanu, bar mata gida ɗaya, ta yi fukafukai ta zuba ƙwai." In waiga, ba kowa.

Don Allah ki duba tsamiyar bayan gida. In da saura, kada a taɓa. In babu, ki yi shiru, zan gane.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Lurwanu