Tankin Kifi a Kan Kantar Surukina

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Shekarata biyu da aure. Mahaifin matata kafinta ne, ya fi shekara talatin yana sana'ar. Da za mu tare, shi da kansa ya zo ya yi mana kabad a jikin bangon falo, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Akwai kanta mai faɗi a tsakiya, ƙofofi huɗu a ƙasa, wurin littattafai a sama. Kwana tara yana aikin. Ranar da ya gama, ya tuɓe takalmi ya hau kan kantar ya yi tsalle sau biyu yana dariya, ya ce sai jikokinsa sun gaje ta. Baba kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

Ni kuma tun ina yaro kifi ke burge ni, har dukan da na sha a kan kiwon tarwaɗa a tulun Innarmu ban manta ba. Makon jiya wani abokin aikina da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mini tankinsa na gilashi, mai cin lita ɗari biyu, da kifayen ado bakwai. Kifayen suna cikin baho yanzu. Na ɗora tankin a kan kantar, ya zauna ɗas kamar don shi aka yi ta. Na zuba tsakuwa, na zuba ruwa zuwa rabi. Malama, falon nan ya yi kyau.

Bayan kwana uku sai uwargida ta lura ƙofofin tsakiya sun fara cijewa, sai an fizgo suke buɗewa. 'Yarmu kuma wata goma, ƙofofin nan take dafawa tana koyon tsayuwa. Uwarta ta ce a kira Baba. Faɗa da sauƙi! Ni da har yau ban iya cin abinci a gabansa, da wane ido zan dube shi in ce aikinsa ya gaza? Na yi tunanin in kira wani kafinta a ɓoye, amma duk ƙarshen mako Baba na zuwa ganin jika, kuma kafin ya zauna sai ya shafa kantar nan. Ƙusa ɗaya da ba tasa ba zai gane ta.

Ni dai a raina na tabbata kantar za ta ɗauka. Abin da ya ɗauki Baba yana tsalle, ruwa ne zai gagare shi? Wataƙila danshi ne ya kumbura ƙofofin. In cika tankin ne, ko yaya zan yi?

Surukin Kafinta

AMSA

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kunyar suruki tarbiyya ce, kuma ta burge ni. Amma kafin ka gama karanta amsar nan, ɗauki tiyo ka zuƙe ruwan tankin nan, ku sauke shi ƙasa, a kuma hana yarinya zuwa wurin. Ƙofar da ta cije kwana uku bayan an ɗora kaya, ba danshi ba ne. Kantar ce ta fara lotsawa tana danne ta.

Zo mu auna tare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita ɗari biyu, kilo ɗari biyu ke nan. Ƙara gilashin kansa, da tsakuwa, da duwatsun ado, za ka tasam ma kilo ɗari biyu da sittin. Buhun siminti biyar ne da ɗoriya. Baba ya hau ya sauka cikin minti ɗaya. Ruwa kuwa in ya hau ba ya sauka, shekara da shekaru yana danne katako. Katako na iya lanƙwasawa a hankali ya yi shiru, gilashi kuwa bai san lanƙwasa ba, tsagewa yake yi.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: aikin Baba mai kyau ne. Kantar da ta riƙe rabin tankin nan kwana uku, ƙofa kawai ta cije, hannun gwani ne ya yi ta. Sai dai don littattafai da talabijin ya yi ta. Kai ka canza mata kaya, don haka ba aikinsa ne ya gaza ba. Matarka ma tana da gaskiya, kuma a ce ta riga ka gani ba abin kunya ba ne.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Ana so nauyin ya bi ta ginshiƙai ya sauka har daɓe, kada ya rataya a kan ƙusoshin bango. A kafa katakai masu kauri a tsaye cikin kabad ɗin, ƙarƙashin kusurwoyin tankin huɗu da kuma tsakiya, a ɗaure su da na gicciye sama da ƙasa. A shimfiɗa falanki mai kauri a kan kantar, a shafe shi da fentin da ke hana ruwa shiga, a sa soso siriri tsakaninsa da gilashin. A auna da abin auna daidaito na magina, kada wani gefe ya rinjayi wani. In a bene kuke, magini ya duba ƙasan ɗakin tukuna. Sannan a cika tankin kashi-kashi cikin kwana huɗu, babu kifi a ciki, ana gwada ƙofofin kullum. Kifayenka za su jure baho in kana canza musu wani ɓangare na ruwan, kana kunna musu ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa.

Maganar kiran wani kafinta kuwa, cire ta daga ranka. Mai sana'a ba ya jin zafin a ce masa kaya sun ƙaru. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ya tarar da hannun wani a cikin aikinsa. Kada kuma ka aika matarka. Ka je shagonsa da kanka, ka gaishe shi yadda ka saba, ka miƙa masa takarda mai ɗauke da tsawon tankin da faɗinsa da nauyinsa. Ka ce ka yi karambani ka ɗora kafin ka tambaye shi, kana roƙon ya zo ya duba. Faɗa zai yi maka, ka sunkuyar da kai ka sha. Daga nan zai ɗauko abin awonsa, domin jikarsa ce ke tsayuwa a gindin kantar nan.

Allah ya raya yarinya, ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar ku tare cikin mutunci. Tashi ka sauke ruwan nan.